Kunun zaƙi, zoɓo, tsamiya ko na kwalba: wanne za a ba baƙi a bazarar Garwa?

Ƙanwata ce ta same ni da maganar bayan sallar isha'i. An sa ranar ɗiyarta cikin watan Afrilu, kuma ita dai kunun zaƙi take so a ba 'yan biki, irin wanda Goggo take dama mana muna yara. Na ce mata, "Ke, Afrilu a Garwa? Kin manta garin da kike ne?" Ta ce, "Yaya, ai ke ce mai sana'ar, sai ki san yadda za ki yi."

Na daɗe ina dama kunu da zoɓo ina sayarwa a kula a nan Garwa, arewacin Kamaru, ina kuma karɓar aikin suna da biki. Masu kawo mini aiki kusan duk tambaya ɗaya suke yi: wanne ya fi daɗi? Ni kuwa tawa daban ce. Ƙarfe nawa za a sha, a ina zai jira, kuma wane wata muke? Abin da na ɗanɗana a madafa da asuba ba shi baƙo zai kai baki ba da la'asar a ƙarƙashin rumfa, rana ta haura digiri 40, jarka ta yi awa shida a ƙasa. Da wannan mudu nake auna su duka.

Bari in fara da wanda kowa yake so. Kunun zaƙi na gaske, in aka yi shi yadda ya kamata, babu na biyunsa. Ana jiƙa hatsi ya kwana, a wanke, a kai inji a markaɗa shi da citta da kanumfari da ɗan masoro da busasshen dankali. A raba ƙullun biyu, a sheƙa wa kaso mafi yawa tafasasshen ruwa ya dahu ya yi kauri kamar koko. In ya huce kaɗan, yadda yatsa zai iya shiga, sai a zuba ɗanyen kason da aka ajiye, a juya, a rufe. Da safe za ki buɗe ki ga abin da ya daskare jiya ya tsinke ya koma ruwa, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. A tace, shi ke nan.

Hatsin da aka ɗauka shi ke yanke rabin hukunci. Gero yana ba da kunu mai launin toka da ƙamshi mai shiga hanci, ga laushi a maƙogwaro, amma yana saurin tsami. Jar dawar damina, wadda Fulani ke kira njigari, tana ba da launi mai kyau kamar jan ƙasa, sai dai akwai bauri a ƙarshen kurɓa, irin wanda ke ɗan kama harshe. Masu sonta saboda wannan baurin suke sonta, yara kuwa sai su ture kofi. Wadda ni na fi yarda da ita ita ce masakwa, muskuwari a bakin mutanen Marwa, berebere a Cadi. Dawar rani ce da ake dasawa a baƙar laka ta karal bayan ruwa ya janye, wajen watan Oktoba, ta girma da damshin ƙasa kawai ba tare da ɗigon ruwan sama ba, a girbe ta wajen Fabrairu. Wato lokacin da bazara ta kama, ita ce sabon hatsi a kasuwa, alhali gero da njigari sun riga sun yi watanni a buhu. Mai ruwan ɗorawa a cikinta, safrari, tana ba da kunu mai garɗi, launinsa kamar madara da aka ɗiga wa zuma, ba bauri. Nakan haɗa kwano uku na masakwa da ɗaya na gero don ƙamshi.

Sai maganar tsiro, kuma nan ne nake so a tsaya a saurare ni.

Sirrin kunun Goggo tsiro ne. Takan jiƙa dawa, ta baza a jiƙaƙƙen buhu a ɗaki mai duhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku ko huɗu, sai ƙwayar ta fito da farin gashi. Ta shanya a rana, ta daka. Ƙwayar da ta fara tsira tana fitar da wani sinadari da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari, domin da shi jaririn shuka zai rayu. Shi ya sa tafin hannu biyu na garin tsiro ke tsinka tukunya guda ya cika ta da wani zaƙi mai nauyi da sukarin kanti ba ya iya kawowa. Busasshen dankali ma aikin da yake yi ke nan, amma bai kai tsiro ƙarfi ba.

To, wannan tsiron dai shi ne mafarin bilbil, giyar dawa da ake dafawa a nan arewacin Kamaru, wadda ake ce wa bili-bili a Cadi, burkutu a Najeriya. Muna yara akwai wata maƙwabciyarmu Kirista, mace mai kirki, da sana'ar bilbil take ciyar da 'ya'yanta. Ta katanga muke hango tsironta a shanye, iri ɗaya da na Goggo sak. Bambancin yana gaba: ita takan dafa ruwan tsiron sa'o'i masu yawa a manyan tukwane, ta bar shi ya huce, ta zuba masa yis ɗin da ta ajiye daga dahuwar baya, ta bar shi ya tashi. Yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa da iska. Mu ba ma zuba yis. Amma yis ba ya jiran gayyata, yana cikin iska, yana jikin ƙwarya, yana bakin jarkar da ba a wanke da kyau ba. A kunun da aka tace, ƙwayoyin da ke fara aiki su ne irin masu tsamar da nono, su ke kawo ɗan tsamin nan mai daɗi na rana ta farko. In aka ba shi lokaci da zafi, yis ya karɓi aiki. Kuma kunun da ya fi zaƙin tsiro shi ya fi ba yis abinci.

Ban koyi wannan a bakin kowa ba, a jikina na koya. Wata bazara na karɓi aikin suna, na dama tun daren jiya, na ɗura a gorunan roba, na jera a firji. Cikin dare wuta ta ɗauke, ba ta dawo ba sai bayan azahar. Da yamma na je ɗauka na ga gindin gorunan ya kumbura, ba sa iya tsayuwa. Na murɗa murfin ɗaya, sai ji na yi "fsss", kumfa ta biyo hannuna har gwiwar hannu, wani wari mai kama da ƙullin fanke da ya wuce lokaci ya bugi hancina. Na ɗiga a harshe, yana tsikari. Gora tamanin na tuttular a kwata, na aika yaro ya sayo lemon kwalba da kuɗina. Mai jego ba ta taɓa sanin dalili ba.

Malaminmu na islamiyya ya taɓa kawo mana hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi a ruwa, yana sha ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma ba ya ƙara sha. Da kuma ƙa'idar da kowa ya sani, cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Kunun da ya ɗan yi tsami ba giya ba ne, kar a tsorata mutane. Amma wanda ya fara kumfa da kansa yana tsikarin harshe ya kama hanya, kuma a zafin Garwa ba ya buƙatar kwana uku. Hatta Turawan da giya ce al'adarsu zafi ya taɓa gagararsu: a Bavariya ta ƙasar Jamus an yi doka a 1553 da ta hana dafa giya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, sai suka koma dafa mai yawa a watan Maris suna ɓoyewa a kogo mai sanyi. Har yau suna da ta bazara da ta hunturu, kowace da lokacinta. Namu abin sha ba ya bugarwa, amma shi ma kowanne da watansa, mu ne muke mantawa.

Saboda haka hukuncina a kan kunun zaƙi: a ɗanɗano shi ne sarki, a haƙuri shi ne na baya. Ya dace da taron safe, kamar suna ko ɗaurin aure, inda za a tace da asuba a shanye kafin hantsi ya yi nisa. Bai dace da wunin biki da za a kai magariba ba, sai in akwai firjin da aka tabbatar da wutarsa.

Kunun aya ma kar a fara. Aya da dabino da kwakwa, a markaɗa a tace, ya yi sanyi, wallahi ko a gidan sarki aka kai shi ba a ji kunya ba. Amma ɗanye ne, bai ga wuta ba, ga maiƙo ga zaƙi. Awa kaɗan a waje ya tsinke, ya rabu biyu, ya yi yauƙi. Na amarya da ƙawayenta ne, jug biyu, daga firji zuwa baki.

Zoɓo shi ne jakin aiki. Folere ake ce wa shukar a nan, 'yan Cadi su ce karkanji. Ana tsinke furensa bayan damina, wajen Nuwamba da Disamba, a shanya, don haka a bazara yana nan da ƙarfinsa kuma bai yi tsada ba. Tsaminsa na asali ne, ba na lalacewa ba, kuma tsamin nan da tafasawar da ake yi masa su ke sa ya jure zama fiye da kowane kunu. Ba wai ba ya lalacewa ba. In an zuba sukari da ruwan abarba aka bar shi ya kwana a zafi, shi ma zai yi kumfa. Amma wuni guda a kula da ƙanƙara ba ya ba shi tsoro.

A kasuwa za ki ga iri biyu. Akwai baƙi-baƙi mai duhu, shi ke ba da launi, tsaminsa da sauƙi. Akwai ja mai haske, launinsa bai kai ba, amma tsaminsa har kunne. Mai wayo tana haɗawa, biyu na mai duhu, ɗaya na mai haske. Akwai fari ma, wanda ba a cika kula shi ba, shi kuwa ranar da kowa ya sa farar shadda shi ne mai ceto, don jan zoɓo in ya ɗiga a gaban riga ya zauna ke nan.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne a bar shi yana ta tafasa kamar ana dafa ganda. Ƙamshin ya gudu, ɗaci ya fito. Ni nakan wanke shi sau biyu saboda yashi, in tafasa ruwa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, in sauke, sannan in zuba zoɓon in rufe ya jiƙu har ya huce. Launin yakan fito garau kamar an haska fitila a bayansa. Wasu suna jefa kanwa don ta kashe tsami su rage sukari. Tana kashewa, amma launi ya dushe ya koma kamar ruwan rini, ɗanɗanon ya yi lami. Ban yarda da ita ba. Kar kuma a bar shi ya kwana a tukunyar dalma, tsaminsa yana cin ƙarfe, za a ji a baki. Illarsa biyu ce: yana shan sukari da yawa kafin ya daidaita, sannan yana sauke hawan jini, don haka dattijon da ke kan magani da mace mai ciki gara su sha kaɗan. Ga kuma abin da ba a faɗa: zoɓo ya zama gama-gari. Baƙo ba zai koma gida yana labarinsa ba.

Wanda zai sa a yi labari, a ganina, ruwan tsamiya ne, kuma shi aka fi rainawa. Mun saba ganin tsamiya a kunun azumi ko a ruwan tuwo, ba mu ɗauke ta abin fita kunya ba. A wajen wata Bashuwa da ta zo daga Kusiri na fara shan wanda ya canza mini ra'ayi. Su ardeb suke ce mata, kuma a Njamena ba a raina ta. Sabuwar tsamiya ta rani, mai launin zuma ba wadda ta yi baƙi a rumbu ba, a jiƙa ta a ruwan zafi, a murje, a tace sau biyu. A sa ɗanyar citta, ƙwayar barkono ɗaya tak a tukunya guda, sai zumar Adamawa irin wadda ake kawowa daga Ngaundere a haɗa da sukari. Kurɓar farko tsami ne, sai zaƙi ya biyo, can a maƙogwaro citta ta ɗan yi cizo. Ba ta cika ciki kamar kunu, ba ta rina baki kamar zoɓo, kuma bayan shinkafa da nama mai maiƙo babu abin da ke wanke harshe kamarta. Tana jure zafi daidai da zoɓo. Sharaɗinta ɗaya: kar a yi ta da kauri. Tsamiya tana sakin ciki, in aka cika hannu 'yan biki za su yi layi a bayan gida, kuma sunanki za a kira.

Matar nan ta Kusiri ce kuma ta nuna mini hilu-mur na mutanen Sudan, wanda suke sha da azumi. Shi ma da tsiron dawa ake yi, a haɗa da kayan yaji a bar ƙullin ya yi tsami, amma sai a gasa shi falle-falle a kan tanda a busar. Ranar sha a jiƙa a tace. Wuta ta riga ta kashe duk abin da zai tashi, ga zaƙin tsiro ga ƙamshin gashi. Dabara ce da ta burge ni, sai dai ba kowane bakin Bahaushe ne zai karɓe shi a karon farko ba, don haka ban sa shi a lissafin biki ba.

Fura da nono kuwa a bar su sai damina. A bazara shanu sun yi nisa neman ciyawa, nono ya yi ƙaranci, abin da ake sayarwa da sunan kindirmo sau da yawa madarar gari ce.

Saura na kwalba da gwangwani, su Malta Guinness da ake yi a nan Kamaru da Maltina da ke shigowa daga Najeriya, wadda aka fara yi tun 1976. Mutane da yawa ba su san cewa 'yan uwan kunun Goggo ba ne. Tsiro ne, na sha'ir ko na dawa. Tun da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin can suka rungumi dawa. Ana dafa ruwan tsiron, a tace, a ƙara sukari da launi da iska, a rufe, a gasa kwalbar da zafi don kar komai ya rayu a ciki. Ba a sa masa yis. Amfaninsa a fili yake: ba ya lalacewa, ba ruwansa da wuta, kuma akwai baƙon da in ba a ajiye masa kwalba a gaba ba gani yake ba a girmama shi ba. Amma kuɗin katan ɗaya zai shayar da layi guda da zoɓo, zaƙinsa ya yi yawa, in ba sanyi ƙarara yana gundura, kuma ba ya kashe ƙishi. Akwai kuma dattawan da ba sa taɓa shi saboda kamfanin giya ne ya yi shi. Ra'ayinsu ne, a san da shi kafin a ajiye a gaban liman.

Abin da za a kiyaye shi ne kar a rikita shi da wanda aka rubuta wa "bière sans alcool". Wannan yawanci giya ce aka dafa sannan aka cire barasar, ko aka tsayar da ita tun ba ta yi ƙarfi ba. A ƙasashe da yawa an yarda ragowar ta kai kashi 0.5 cikin ɗari, a dokar Faransa har 1.2. Kwalbar takan yi kama, yaron da aka aika kanti ba zai bambance ba. A karanta jikin kwalba.

In ba da hannunki za ki yi ba, odar za ki bayar, to ki ɗanɗana kamar mai saye ba kamar baƙuwa ba. Kar ki yarda a ba ki wanda ya daskare. Sanyi yana ɓoye tsami da wari, ƙanƙara kuma tana ɓoye ruwan da aka ƙara. Ki fara da mara nauyi, tsamiya, sai zoɓo, kunu a ƙarshe, kina kuskure baki tsakani, don in kunu ya rufe harshe ba za ki ji sauran ba. Ki shinshina kafin ki kurɓa. Sannan ki roƙi gora ɗaya ta kowanne ki kai gida, ki ajiye a inuwa ba firji, ki buɗe bayan awa biyar. Wannan gorar ce za ta gaya miki gaskiya. Ki kuma tambaya da wane ruwa aka ƙara bayan an tace, da wane aka yi ƙanƙara, domin an tafasa zoɓo sannan an tsinka shi da ruwan rijiya aikin banza ne, mu da muka san kwalara a wannan yanki.

Duk wannan lissafin na Garwa ne da Marwa da Kusiri da Njamena, daga Maris zuwa Mayu. Mutumin Ngaundere da ke kan tudu sama da mita 1000 yana da sauƙi, kununsa zai kai yamma lafiya. In hunturu ya shigo, Disamba da Janairu, lissafin ya juye: kunun zaƙi ya samu sarari, zoɓo mai ƙanƙara ba mai nema, kasuwa ta koma ta kunun gyaɗa da kunun kanwa masu tururi. Azumi ma yana matsowa can, kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2024 cikin Maris aka fara, a 2026 cikin Fabrairu. Nan da 'yan shekaru masu buɗa baki za su fi neman mai zafi.

Da na gama zayyana wa ƙanwata, ta yi shiru, sannan ta ce, "To Yaya, kunun Goggon fa? Shi ke nan?" Na ce ba shi ke nan ba. Za a yi shi, da masakwa da tsiro, amma jarka biyu kawai, a tace da asuba a kai wa maza wajen ɗaurin aure, kafin ƙarfe goma ya ƙare. Wunin mata zoɓo da tsamiya, rabi da rabi, a sa farin zoɓo kaɗan saboda masu farin leshi. Katan biyu na kwalba a ɗakin surukai. Kunun aya jug biyu na amarya, ni zan riƙe makullin firjin.

Ta ce tsamiya dai kar dangin ango su ce an yi musu rowa. Na ce ta dawo jibi da la'asar, zan ajiye mata gora ɗaya a inuwa tun safe. Ta tashi tana gyara mayafi, ta ce in sa zumar da yawa.